Ja da Kore Duk Ɗaya Ne a Idonsa

'Yan uwa masu karatu, ku gyara zama, don yau Gwaggo Salamata za ta shigo cikin labarin nan, kuma ita idan ta shigo wuri sai kowa ya matsa. Amma kafin ta iso, bari in faɗa muku yadda aka yi har wani mutumin Dapaong ya durƙusa a tsakar gidanmu.

Sunana Haulatu. A Zangon Sokodé aka haife ni, gidanmu yana bayan layin mahauta, inda Babana, Malam Alassani, yake da teburin nama tun kafin ya auri Mmata, wato mahaifiyata. Ina aiki da wata ƙungiyar makiyaya da ke da biro, wato ofis, a unguwar Kpangalam. Ƙarshen kowane wata ma'aikatanmu na arewa suna turo mini lambobi ta waya: shanu nawa aka yi wa allura, nawa suka kamu da ciwo, nawa suka mutu. Ni kuma in zuba su a Excel, in fitar da taƙaitaccen tablo, wato jadawali mai shafi ɗaya, wanda kowa zai kalla ya san garin da ke buƙatar taimako.

Tablon nan a tsare na tarar da shi lokacin da na kama aiki. Layinsa na ƙarshe yana nuna bambancin wannan wata da wanda ya wuce, amma lamba ce tsirara, babu alamar ƙari, babu ta ragi. Launi ne ke magana. Idan lambar ja ce, ciwo ya ƙaru. Idan kore ce, ya ragu. Kowa ya saba da hakan, ni ma ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda zai kalle shi bai gane ba.

Cikin masu turo mini lambobi akwai Djibril, mai duba lafiyar dabbobi a garin Dapaong, can arewa. Na daɗe ban san fuskarsa ba, sai muryarsa da saƙonninsa. Sauran sai na bi su da kira kafin su turo, shi kuwa nasa yana isowa da wuri, a tsare, sannan a ƙasa ya rubuta: "Shanu suna gaishe da Madam Tablo." Ni dai in yi murmushi in wuce. Wallahi a lokacin ban sa komai a raina ba.

Da damina ta yi nisa, ciwon huhu ya shiga garkunan arewa, maganin da ya iso kuma kaɗan ne, ba zai ishi gari biyu ba. Na tura tablo kamar kullum. Naki-Est bakwai, da ja. Korbongou ashirin, da kore. Wato a Naki-Est ciwo yana hawa, a Korbongou yana sauka. Sai Djibril ya ɗaure akwatin magani a bayan babur ya nufi Korbongou.

Kafin a farga, shanu sun fara faɗuwa a Naki-Est. Ardon makiyayan wurin ya kira shugabarmu, Madam Memounatou, ya kai ƙara. Ina zaune a teburina lokacin da Madam ta kira Djibril, ta buɗe lasifikar waya, duk biro yana ji.

"Ja ne fa, Djibril! Ja ƙuru-ƙuru! Yaron lekol ma ya san ja. Ko makaho ne kai?"

Can sai ya ce, "Laifina ne, Madam. Yanzu ina hanyar Naki-Est da abin da ya rage."

"A taron ƙarshen wata za mu san ko akwai sauran zamanka da mu," in ji ta, ta kife wayar.

Da rana ina ƙarƙashin mangwaron biro ina cin wake da shinkafa, sai ga kiransa. Ina jin kukan shanu a bayansa da ƙarar iska.

"Haulatu, zan tambaye ki wani abu, amma don Allah kada ki yi dariya."

"Ina jin ka."

"Lambar Korbongou, wane launi ce?"

"Kore mana."

"Ta Naki-Est fa?"

Na ajiye cokali. "Djibril, wasa kake yi?"

"Da ma wasan ne," ya ce. "A idona launinsu ɗaya. Kamar ruwan kududdufi, dukansu biyun. Haka aka haife ni."

Ya ce tun yana lekol, wato makaranta, ake dukansa saboda yana shafa wa ganyen bishiya launin ƙasa, malamai suna cewa iskanci ne. Da ya girma sai ya koyi dabara. Duk wata idan tablo ya zo, sai ya miƙa wa abokin aikinsa ya ce ya karanta masa, wai yana wanke hannu ko yana ɗaure kaya. Ranar nan abokin yana kwance da zazzaɓi. Shi kuma ya ga ashirin ta fi bakwai, sai ya ɗauka a can ne ciwo ya yi yawa.

"Me ya hana ka kira ni?" na tambaye shi. Raina ya ɓaci, amma ban san da wa ba.

"Kunya. Da tsoro. Wa zai bar mai ciwon ido ya riƙe allura?"

Abincin ma ban ƙarasa ba. Na koma ciki na buɗe tablon, na zuba masa ido, ina ƙoƙarin ganinsa kamar yadda shi yake gani. Na buga shi a injin biro da ba ya fitar da launi, sai ga bakwai da ashirin zaune baƙaƙe, babu mai cewa ga mai hawa ga mai sauka. Ashe laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Akwai wuri a Excel inda ake kafa wa lambobi sharaɗi. Can na shiga. Na ce masa idan lambar wannan wata ta fi ta wancan, ya sa kibiya mai kallon sama. Idan ta gaza, mai kallon ƙasa. Idan babu canji, ɗan layi a kwance. Sannan na sa alamar ƙari da ta ragi a gaban kowace lamba. Launin ban cire shi ba, don masu gani su ci gaba da gani, amma yanzu ba shi kaɗai ke ɗauke da maganar ba. Na ɗauki hoton shafin na tura masa.

Na ga alamar ya buɗe. Na jira. Na shiga bayi na fito, na sake dubawa. Sai ga amsa:

"▲ +7 Naki-Est. ▼ −20 Korbongou. Haulatu, na karanta da kaina. Ban tambayi kowa ba."

Wani saƙon ya biyo baya: "Ina tsaye a tsakiyar garke, makiyaya suna tambayata me ya shiga idona."

Na rubuta masa: "Saura abu ɗaya. Kai za ka faɗa wa Madam da bakinka. Ni ba zan faɗa ba, amma ba zan yi mata ƙarya ba idan ta tambaye ni dalilin kibiyoyin."

"Kin fi Madam tsanani," ya rubuto.

Amma ya faɗa. Ranar taro ya hau mota daga Dapaong ya zo Sokodé, ranar ce kuma na fara ganinsa. Dogo ne, baƙi, siriri, da ɗan wushirya. Ya sa yadi ruwan ganye da hula ja mai zanen shuɗi, haɗin da ko a mafarki ba zan yi wa ƙanina ba. Daga baya ya ce mini ƙanwarsa ce ke haɗa masa kaya, ranar kuma sauri ya sa ya ɗauko da kansa. Ya miƙe a gaban kowa ya faɗi gaskiya.

Madam Memounatou ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa.

"Kalmar da na kira ka da ita a waya, ka yafe mini," ta ce. "Amma ɓoyewar da ka yi ta ci shanun mutane, wannan kuma ba ni zan yafe ba. Ka koma wurin Ardo ka faɗa masa abin da ka faɗa mana." Sai ta jawo sabon tablon. "Haulatu, wannan ya yi. Sai dai kibiya mai kallon sama a layin allura alheri ce, a layin mutuwa kuwa masifa ce. Ƙara wuri a gefe, a rubuta kalma: 'da sauƙi' ko 'a gaggauta'. Da Faransanci da Hausa, don ardo-ardo su ma a karanta musu."

Haka aka yi. Bai rasa aikinsa ba. Ya je wurin Ardo kuma, ya kwana biyu a rugar yana jinyar shanun da suka rage.

To daga nan ne waya ta fara zafi. Da farko maganar aiki, sai ta koma "kin ci abinci?", sai ta koma hoton faɗuwar rana a kan hanyar garin Mango da tambayar, "Wane launi ne wannan? Ki faɗa mini, na yarda da ke." Ni kuma in zauna a bakin gado, ɗankwali a kafaɗa, ina neman kalmomin da zan kwatanta wa mutum ja. Na ce masa kamar zafin barkono ne a ido. Ya ce to ya gane, ashe shi ya sa Madam take son ja.

A gida kuwa, ku da kuka san Zango kun san halin. Duk bikin da muka je, sai wata ta riƙe hannun Mma Adiza, mahaifiyata, ta ce, "Ina na Haulatu? Ko kwamfuta za ta aura?" Mma ta yi dariyar dole, mu dawo gida ta ƙi cin tuwo. Don haka ranar da na ce mata akwai wani, tana tsaka da tankaɗe garin masara, sai ta saki rariya ta rungume ni, duk ta ɓata mini baƙar abaya da gari.

Murnar ba ta yi nisa ba, sai ga Gwaggo.

Gwaggo Salamata yayar Babana ce, tana sayar da atamfa a babbar kasuwa, kuma babu auren da aka ɗaura a danginmu ba da sa bakinta ba. Wata matar direba a tasha ce ta kai mata labari. Ta sauka daga zemijan, wato ɗan acaɓanmu na nan, ko sallama ba ta gama ba, mayafinta na leshi yana jan ƙasa.

"Adiza! Ashe makaho za ku ba 'yata?"

"Wane irin makaho kuma, Yaya?" Mma ta miƙe tana goge hannu a zani.

"An ce ba ya ganin launi. Yau launi, gobe hanya, jibi sai sanda. Kuma a haifa mana jikoki haka? Ga shi can Dapaong, ƙarshen ƙasa, idan abu ya faru wa zai je?"

Na fito daga ɗaki na durƙusa na gaishe ta. "Gwaggo, ba makanta ba ce. Yana ganin komai, yana tuƙa babur, yana yi wa saniya allura a jijiya. Ja da kore ne kawai suke haɗe masa, kuma ba ƙaruwa yake yi ba."

"Ke rufe mini baki. Soyayya ce ke magana." Ta juya wajen zaure inda Baba yake alwala. "Alassani, kana ji ka yi shiru?"

Baba ya gama wanke ƙafarsa a natse. "Yaro ya zo mu gan shi," ya ce. Iyakarta ke nan.

Na shiga ɗaki na rubuta wa Djibril komai. Na ɗauka zai ji haushi. Sai ya amso: "Gwaggo tana da gaskiya ta tambaya. 'Yarta ce. Zan zo. Zan ce wa ƙanwata ta zaɓa mini hula."

Ya zo ranar Lahadi da hantsi, tare da kawunsa, da ƙullin goro da wagashi, cukun nan na Fulani, a cikin ganye. Farar shadda ya sa da farar hula, na san dabara ce, na yi dariya a bayan labule. Mma ta share tsakar gida har sau biyu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta dafa fufu da miyar gyaɗa da naman da Baba ya zaɓo da hannunsa. Ni ina ɗakin Mma, cikin atamfa ruwan zuma, ido ɗaya a jikin labule.

Bayan gaisuwa, Gwaggo ta buɗe jakarta. Na ce a raina, innalillahi, ta zo da kaya. Ta fito da turmi biyu ta shimfiɗa a gabansa, ɗaya ja, ɗaya kore.

"Ɗana, wanne ne ja?"

Kawun nasa ya sunkuyar da kai. Djibril ya dubi atamfofin, ya ɗago.

"Gwaggo, zan iya canka, wataƙila in dace. Amma ban zo gidan nan in fara da canki ba. Ban sani ba."

Gwaggo ta kalli Mma, irin kallon nan na "kin ji ko?" Shi kuwa ya miƙa hannu ya murza bakin kowanne tsakanin yatsunsa.

"Sai dai in da ni ne mai saye, wannan na hagu zan ɗauka. Ya fi jiki, ba zai saki a wanki ba."

Gwaggo ta ja tsaki. "Hannun dai yana gani," ta ce ƙasa-ƙasa, tana naɗe kayanta. Ba ta yi murmushi ba, amma ba ta ƙara cewa makaho ba.

Sai Baba ya gyara murya. Ku sani, Babana mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gane lafiyar dabba daga launin nama da na hanta.

"Saniya mai fitsarin jini, yaya kake gane ta?"

"Duhun fitsarin ina ganinsa, Baba, sunan launin ne ba ni da shi. Kuma kafin fitsari ya canza, saniya ta riga ta nuna. Kunnenta ya saki, numfashinta ya sauya, ta ware daga garke. Idan na yi shakka, ina tambayar mai ita."

"Kullum kana tambaya?"

Djibril ya girgiza kai. "Da ba na yi. Ina jin kunya. Kunyar nan ta sa shanun mutane suka mutu a Naki-Est da daminar nan, don na kai magani inda bai kamata ba. Na je na faɗa wa masu su. Tun ranar na daina ɓoyewa."

Wayyo! Na dafe ƙirji a bayan labule. Wa ya aike shi ya faɗi wannan? Mma ta waigo ta harari labulen kamar ni ce na faɗa. Baba dai ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya daɗe yana tauna.

"Mun ji," ya ce. "Ku ci abinci."

Har suka tafi bai ƙara ko kalma ba. Na raka su bakin zaure, Djibril ya dube ni da tambaya a idonsa.

Washegari bayan la'asar, na dawo daga biro ko takalmi ban cire ba, Baba ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa yana wasa wuƙa.

"Haulatu."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan bai yi mini ƙarya ba, alhali ƙaryar ta fi masa sauƙi. Wannan na gani. Amma ni mahauci ne, sai na ga hannun mutum a jikin dabba nake sanin ko wane ne. Ranar kasuwar shanu zan hau mota in je Dapaong, in tsaya daga nesa in ga aikinsa. Gwaggonki za ta bi ni, ta ce sai ta ga uwarsa da gidan da za a kai ki."

"To, Baba."

"Kada ya sani. Idan ya sani zai shirya, ni kuma ba shiri nake son gani ba. Ba zan sa ki rantse ba. Na yarda da ke."

Na miƙe na fito. Mma ta ja ni madafa, ta rufe ƙofa, idonta yana ƙyalli.

"Ke, kin san Babanki bai taɓa hawa mota don mutumin da zai ƙi ba? Ya ce in fito masa da babbar rigarsa ta Sallah. Kuma Gwaggonki, turmin nan na hagu, ta ce a ajiye, kada a sayar."

Jama'a, sai na ji kamar in yi guɗa. Na ruga ɗaki na faɗa kan gado da jakata da komai, ina dariya ni kaɗai. A nan wayata ta yi ƙara. Djibril ne.

"Madam Tablo, shiru? Me Baba ya ce? Ko wane iri ne ki faɗa mini, zan iya ɗauka."

Kafin in taɓa komai, wani saƙon ya shigo.

"Af, kada ki neme ni ranar kasuwar shanu. Na ba abokina wurina a kasuwar, ni zan fita rugagen daji da sassafe yin allura, can kuma babu layin waya. Sai na dawo."

Na tashi zaune. Baba zai yi doguwar tafiyar nan da babbar riga, da Gwaggo a gefensa, su isa kasuwa su tarar babu shi. Na rubuta "Kada ka je", na goge. Na rubuta "Ka ɗaga tafiyar", na goge, don na san zai tambayi dalili, kuma shi mutum ne da ban iya yi wa ƙarya ba. Daga zaure ina jin ƙarar wuƙar Baba a kan dutse, a hankali, irin ta mutumin da hankalinsa yake kwance da 'yarsa.

Wayar ta sake haske a tafin hannuna.

"Na ga kina rubutu kina gogewa. Haulatu, mene ne?"